Gyaran cikin bas a tsarin tsofaffin jiragen ƙarƙashin ƙasa: jagora ga masu kushin da kafintocin Katsina

Babu jirgin ƙarƙashin ƙasa a Katsina, babu a Daura. Layin dogon da ake shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi ma, wanda zai ratsa Daura da Katsina da Jibiya, a saman ƙasa zai bi. To me ya haɗa mai kushin na Ƙofar Ƙaura da taragon da aka ƙera a Ingila a 1938? Ciwon kai ɗaya ne. Akwati ne mai ƙunci da zafi da ƙura, jama'a na shiga suna fita tun asuba har dare, kowa da dattin da ya kwaso, kuma mai abin ba zai yarda a ajiye shi kwana uku don kujera ɗaya ta yage ba. Waɗanda suka tsara cikin tsofaffin jiragen Landan sun warware wannan da dabara guda: duk abin da zai ci ya lalace, a yi shi yadda za a cire shi da hannu a sa wani, kuma a bar wa datti hanyar fita. Wannan dabarar ce za mu ɗora a kan Kosta ko doguwar bas mai zirga-zirgar cikin gari, ko motar makaranta, ko ta ma'aikata. Bencin ɗakin jira da na shagon aski ma duk aikin ɗaya ne.

Abin da ke cikin taragon

Layin farko na Landan an buɗe shi a watan Janairun 1863, da taragun katako da fitilun gas. A 1890 aka buɗe na farko mai lantarki da ke can cikin ƙasa. Taragunsa kujeru ne masu dogon baya da 'yan tagogi sirara a sama, har fasinjoji suka riƙa kwatanta su da ɗakin da ake kulle masu taɓin hankali. Wanda ya fi dacewa a yi koyi da shi shi ne samfurin 1938. An ƙera taragu fiye da dubu, aka mayar da injinan duka ƙarƙashin daɓe don fasinja ya samu fili. Sun yi aiki a Landan har 1988, sannan aka kai wasu tsibirin Isle of Wight suka ci gaba da ɗaukar mutane har Janairun 2021. Shekara tamanin da ɗoriya ke nan.

Idan ka shiga ciki, ga abin da za ka gani. Daɓen sirara-siraran katako ne da kwari a tsakaninsu. Bango kore ne, sama ruwan madara, tagogi da firam ɗin katako mai sheƙi. Fitilu ƙwai ne da murfin gilashi. Daga rufi mariƙai na reto, kowanne ƙwallo ne a ƙarshen sifirin. A gefen kowace ƙofa akwai allon gilashi da ke tare wa na zaune iska. Kujerun kuwa iri biyu ne: dogaye masu bin bango a ƙarshen taragu, da masu fuskantar juna a tsakiya. Ba don ado aka yi haka ba. Ramin da jirgin ke bi faɗinsa bai wuce mita 3 da rabi da 'yan kai ba, don haka daɓen ya sauko ƙasa sosai, ƙafafun jirgin suka leƙo cikin taragu, sai aka rufe su da doguwar kujera. Duk mai kushin da ya taɓa fama da tudun taya a bayan bas ya san wannan matsalar.

Wace mota ce, ina za ta bi?

Kafin ka kwance noti ɗaya, tambayi maigidan motar hanyarta. Doguwar kujera mai bin bango ta cikin gari ce, inda gudu kaɗan ne kuma ana sauka ana hawa kowane ɗan lokaci. Motar da za ta hau titin Katsina zuwa Kano ko zuwa Daura, kada ka yi mata. Mutumin da ke zaune a kaikaice ba shi da abin da zai tare shi idan an taka birki da ƙarfi, sai dai kafaɗar na kusa da shi. Irin wannan motar a bar kujerunta suna kallon gaba da bel ɗinsu, a ɗauki sauran darussan kawai: kushin mai cirewa, yadi, fitila. Kuma duk canjin yawan kujeru, mai mota ya fara jin ta bakin jami'an duba lafiyar motoci, kada a gama aiki a ce a kwance.

Sai awo. Faɗin cikin Kosta bai kai mita 2 ba. Mu ɗauka santimita 190, amma ka auna taka. Doguwar kujera da majinginarta tana cin kamar 52. Idan ka sa biyu suna kallon juna, 104 sun tafi, saura 86. Ƙafafun mutanen da ke zaune za su ci 25 ta kowane gefe. Abin da ya rage wa mai tsayuwa bai kai 40 ba, kuma mutumin nan da babbar riga yake, wataƙila da buhu. Shi ya sa ya fi kyau a yi doguwa a gefe ɗaya, ɗaya gefen a jera kujeru ɗai-ɗai masu kallon gaba. Zana tsarin da alli a kan daɓe, ka kira yaran shago su zauna a kan bokiti a inda ka zana, wani ya ratsa tsakani. Minti goma ne, amma yana hana asarar fayif.

Ƙarfen kujera

Fayif mai kusurwa huɗu, milimita 25, kaurin bangonsa 1.5 zuwa 2. Wanda bai kai haka ba, walda za ta cinye shi, ya tsage a gindin ƙafa cikin 'yan watanni. Tsayin mazauni daga daɓe, har da kushin, santimita 43 zuwa 45. Zurfinsa 43. Gaban mazauni ya ɗara bayansa da santimita 2 zuwa 3, don kada mutum ya riƙa zamewa. Majingina ta ɗan kwanta baya kaɗan, kamar digiri 100 zuwa 105. Idan ta miƙe tsaye ƙyam, baya na ciwo, idan ta kwanta da yawa ta cinye hanya. Kowane mutum a ba shi 45 aƙalla.

Jiragen Landan suna da majinginar hannu tsakanin mutum da mutum. Amfaninta biyu: tana raba wuri ba tare da gardama ba, tana kuma tare mutum lokacin birki. A nan ma tana da amfani na uku, domin mace da namiji za su zauna kusa ba tare da cuɗanya ba. Amma tana cin santimita 5, kuma kwandasta ba zai so ta ba, tunda ta hana shi cusa na biyar a wurin mutum huɗu. Idan mai mota ya ƙi, a sa ɗaya bayan kowane mutum biyu.

Duk walda a gama ta kafin soso ko yadi ya shiga motar, kuma a cire kan batir. A goge, a shafa jan fenti mai hana tsatsa hannu biyu, sannan fentin ado. Wajen ɗaurewa a daɓe ne ake yawan cuta. Sukuru mai cin kansa ba ya riƙe kujera. Bol mai lamba 10, mai ƙarfin 8.8, shi zai ratsa daɓe, a ƙasa a tare shi da farantin ƙarfe santimita 5 sau 5 mai kaurin milimita 3, da noti mai roba a ciki wanda girgiza ba ta kwance shi. In babu farantin, ranar haɗari bol ɗin zai yago daɓen ya fito da kujerar gaba ɗaya. Kafin huda, a shiga ƙarƙashin mota da tocila a ga inda bututun mai da na birki da wayoyi suka bi.

Kushin mai cirewa

Nan ne zuciyar aikin. A tsohon jirgi, kushin ɗaga shi ake yi ya fito. Wanda ya yage a cire a sa wani, jirgi ya koma aiki, a kai yagaggen wurin gyara. Abin da aka saba a nan shi ne a yi dogon allo ɗaya na mutum huɗu, a lulluɓe shi da leda ɗaya, a ɗaure. Ranar da biro ko ƙusar buhu ta huda wuri ɗaya, sai an kwance duka. Kai ka yi kowane mutum da allonsa, kuma duk allunan su zama awo ɗaya, ta yadda na gaba zai shiga gurbin na baya.

Allon filawud ne, milimita 12, faɗi santimita 45, zurfi 43. A yanka samfuri ɗaya a riƙa ɗora shi, kada a auna kowanne daban. A goge kusurwoyi da gefuna da samfefa har su yi laushi, domin kaifin gefen allo ne ke yanka yadi daga ciki. A huda ramuka biyar ko shida masu faɗin santimita 2. Idan mutum ya zauna, iskar cikin soso ta nan za ta fita. In babu su, sai ta nemi hanya ta ɗinki, kuma zufa ta taru a ciki allon ya ruɓe.

Kujerun tsohon jirgin sifirin ne a cikinsu, shi ya sa suke da taushi mai lilo. Sifirin na daɗewa, amma aikinsa da yawa kuma yana ƙara tsayi. Soso ya wadatar in mai kyau ne. Mai kyau kuwa ba a gane shi da launi ko da matsa shi da yatsa. Da nauyi ake gane shi. Na mazauni ya kai kilo 30 zuwa 35 a kowane dunƙule mai tsayi da faɗi da kauri mita ɗai-ɗai. Ga yadda za ka gwada a kasuwa: yanki mai 45 sau 43, kauri inci 3, ya kamata ya kai giram 450 ko kusa. Idan sikeli ya nuna 250, wannan na filo ne, kafin damina ta zagayo fasinja zai riƙa jin katako. Majingina kuwa inci 2 na matsakaici ya isa, tunda ba ita ke ɗaukar nauyi ba.

A yanka soso ya ɗara allo da santimita 1 ta kowane gefe, ta gaba 1 da rabi, domin ya rufe kaifin katako a bayan gwiwa. A shafa gam a allo da soso, a bari ya sha iska har ya daina bin yatsa, sannan a haɗa. Gam ɗin a gefe-gefe kawai, kada ya toshe ramuka, kuma a yi shi a fili, nesa da mai walda. A kan soso a fara ja da farin yadin auduga mai kauri, irin akoko. Shi ke ba kushin siffarsa, shi ke hana yadin sama gogar soso ya mayar da shi gari. Masu sauri suna tsallake wannan. Bayan wata shida za ka gane su: yadin ya yi jaka a tsakiya.

Jan yadi da tsari yake. Ƙusa ɗaya a tsakiyar baya, a ja a buga a tsakiyar gaba, sannan tsakiyar dama da hagu. Daga nan a riƙa tafiya zuwa kusurwa, kowace ƙusar stefla tazarar santimita 2 zuwa 3. Kusurwa ce ta ƙarshe, a naɗe ta ninki ɗaya mai kallon ƙasa, a yanke rarar da ke ciki don kada ta yi ƙullutu. Wanda ya fara daga kusurwa, zanen yadinsa zai karkace, babu gyara sai cirewa.

Riƙe kushin a kan ƙarfe: ƙugiya biyu na lebur ɗin ƙarfe a bayan allo da za su shige ƙarƙashin fayif, da bol ɗaya mai kunne a gaba ta ƙasa. Hannu kaɗai zai cire shi, amma birki ba zai fisge shi ba. Tsakanin mazauni da majingina a bar tazarar yatsa biyu. Ɓawon gyaɗa da yashi za su faɗa ƙasa inda tsintsiya za ta same su. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka kuɗin cizo: matsattsen lungun da hannu ba ya kaiwa shi ne gidansa. Kushin mai cirewa kuwa, a sa shi cikin baƙar leda a shanya a ranar bazara yini guda.

Yadi

Yadin kujerun Landan ana kiransa moket, kalmar Faransanci ce ta darduma. Saƙa ce mai gashi a tsaye, mafi yawanta ulu, kamar kashi 85, sauran nailan, a kan bayan auduga. A yankin Yorkshire na Ingila aka daɗe ana saƙa shi. Gashin da ke tsaye shi ne sirrin: mutum a kan tsinin zare yake zaune, ba a kan gefensa ba, don haka ba ya saurin cinyewa, ƙura kuma tana nutsewa ƙasa maimakon ta zauna a fuska. Ulu yana shan zufa, ba ya zafi kamar leda, kuma ba ya son kama wuta.

A shekarun 1930 shugaban sufurin Landan, Frank Pick, da ma'aikacinsa Christian Barman suka ɗauko masu zane irin su Enid Marx da Marion Dorn su tsara yadin. Abin da aka nema gare su shi ne zanen da zai ci gaba da kyau ko bayan leburori sun zauna da kayan aiki, kuma wanda ba zai sa ido ya juya ba idan jirgi na tafiya. Darasin a nan uku ne. Yadi mai launi ɗaya, ko baƙi ne, yana tona kowane tabo. Zane ya zama ƙanana masu maimaituwa, da haske da duhu a cakuɗe. Sirara-siraran layuka masu ƙyalli kuma suna sa jiri. A Katsina a ƙara na huɗu: ƙurarmu ja-ja ce mai haske, don haka a nemi yadin da ke da ruwan ƙasa ko ja a cikin zanensa. Shuɗi mai duhu zalla, kwana biyu na hunturu ya ishe shi ya koma fari.

Moket na gaske da wuya a same shi a kasuwa, sai dai na jikin kujerun manyan bas na gwanjo. Abin da ake samu shi ne yadin kujerun mota mai gashi, na roba. Gwada shi haka: lanƙwasa shi a kan yatsa, idan bayan saƙar ya leƙo ta tsakanin gashi, sirara ne. Karce shi da kan makulli sau ashirin, idan gashi ya zube, bar shi. Zare ɗaya kuma a ƙona da ashana a waje. Ulu yana warin ƙonannen gashi, ya mutu da kansa, tokarsa ta murmushe. Auduga tana ci kamar takarda. Roba narkewa take tana ɗiga, ta bar ƙwallo mai tauri.

Leda fa? Araha ce, ana goge ta da tsumma, motar yara 'yan firamare ita ta fi. Amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: a watan Afrilu tana ƙona cinya, tana jiƙa riga da zufa, da hunturu ta bushe ta tsattsage. Tsaka-tsakin shi ne yadi a tsakiya, leda ko fata a gefen da ke kallon hanya da kan majinginar hannu, inda gwiwa da kaya ke goga. A Niyok ta Amurka da saƙar ratan aka daɗe ana rufe kujeru, wata irin gora mai laushi, saboda tana shan iska. Aibinta, idan ta tsinke tsininta yana kama tufafi. Don bencin shago tana da kyau. Don bas, a'a.

Lissafin yadi, idan faɗinsa 140 ne: kaurin kushin da allonsa bayan an matse kamar 8, rarar naɗewa 4 ta kowane gefe. Mazauni zai ci 69 sau 67, majingina mai tsayin 40 da kaurin 5 za ta ci 63 sau 58. Biyu-biyu ke fita a faɗi, don haka mutum biyu na cin tsayin santimita 125. Kujera 20 mita 12 da rabi ke nan, kusan yadi 14. Ƙara yadi 3 saboda daidaita zane. Kuma kafin almakashi ya taɓa shi, shafa hannu ka ji inda gashin ya kwanta, ka yi kibiya da alli a bayan kowane yanki. Gashin ya kwanta daga baya zuwa gaba a mazauni, daga sama zuwa ƙasa a majingina. Yanki ɗaya da aka juya zai fito kamar wani launi daban, mai mota ya ce an haɗa masa da ragowa.

Abin da ba za a kwaikwaya ba

Tsofaffin jiragen nan sun ci mutane da wuta. A watan Agustan 1903, a birnin Faris, lantarki ya haɗu a jirgi mai taragun katako, mutum 84 suka mutu, yawancinsu a tashar Couronnes, kuma hayaƙi ne ya kashe su. Bayan nan Faransawa suka koma taragun ƙarfe. A Landan, ranar 18 ga Nuwamban 1987, mutum 31 suka rasu a tashar King's Cross. Ashana ce ta faɗa ta tsakanin matakalar katako mai tafiya, ta samu maiƙo da ƙura da tarkacen da suka taru a ƙasa. Bayan wannan aka tsananta dokar hana shan taba, aka bi jirage da tashoshi ana cire katako da kayan da ke ci da wuta.

Soson da muke amfani da shi ya fi kayan tsofaffin jiragen muni wajen hayaƙi mai guba. Ba za a iya hana shi ci ba, amma ana iya jinkirta isar wuta gare shi. Tsohon bargon ulu tsakanin akoko da yadin sama yana taimakawa. Akokon kansa ana iya jiƙa shi a haɗin garin sinadarin boras giram 200 da na borik giram 85 cikin lita 2 na ruwan zafi, a shanya ba tare da ɗauraya ba. A auduga kawai yake aiki, kuma wanki yana fitar da shi. Tukunyar kashe gobara a ɗaure ta kusa da direba inda hannu ke kaiwa. Kada kujera ko fayif ya tare ƙofar baya ko tagar tsira, komai roƙon mai mota.

Wani gargaɗin ga masu sayen kayan bola na tsofaffin taragu: a bango da ƙarƙashin daɓensu akan samu asbestos, wani farin abu mai kama da auduga ko allo mai gari, kuma tsohon fenti yakan ƙunshi dalma. Ƙurarsu cuta ce ta huhu da jini. Kada a sa musu giranda ko samfefa.

Daɓe

Daɓen sirara-siraran katako yana da daɗin takawa, ba ya santsi, yashi na faɗawa kwari. Amma King's Cross ta nuna abin da tarin datti ke yi, kuma ruwan da ya kwanta a ƙasan katako yana cinye ƙarfen mota. Don haka a yi shi a hanyar tsakiya kaɗai, gunduwa-gunduwa masu tsayin mita 1, kamar tabarma, waɗanda za a ɗaga a share kowane mako. Katako mai tauri, maɗaci ko loko, faɗi santimita 4, kauri 1.5, tazara ƙasa da santimita 1 domin kada tsinin takalmin mata ko sandar tsoho ta maƙale. Hanya mai faɗin rabin mita da tsayin 5 nauyinta kamar kilo 20 ne. Idan aka shimfiɗe motar duka zai haura 80, mutum guda ke nan da kayansa da ba ya biyan kuɗin mota.

Katakon da ya zo daga kudu da ruwansa yake zuwa. A jera shi a inuwa da tsinke a tsakani mako uku ko huɗu. Wanda aka yi aiki da shi ɗanye, hunturun farko zai murɗe shi ya tsage a bakin sukuru. A fara huda kafin ɗaurewa, kan sukuru ya nutse. Kada a shafa banish mai sheƙi, da ruwan fiya wata ya zube ya zama tarko. Mai na katako ya isa, tsumman da aka shafa shi kuma a shanya shi a buɗe, domin idan aka dunƙule shi yana iya kama wuta da kansa.

Mariƙi, fitila, iska

Fayif ɗin riƙo zagayayye, milimita 30 zuwa 35. Ya fi haka, hannun yaro ba ya zagaye shi. A ɗaure shi sama a jikin haƙarƙarin rufi, ba a silin ba, ƙasa kuma da faranti kamar na kujera. Ɗaya a kowane gefen ƙofa, sauran tazarar da mutum zai saki wannan ya kama wancan, kamar mita 1. Mariƙin ƙwallo da sifirin yana da kyan gani, amma a motar da rufinta bai kai mita 2 ba zai riƙa tuɓe hula. Madaukin fata ya fi: baduku ya ninka fata biyu mai faɗin santimita 3, ya ɗinke, a sa masa abin tsayarwa a jikin fayif don kada ya zame, ƙarshensa kamar 160 daga daɓe. Allon tare iska na gefen ƙofa kuwa, gilashin mota ko roba mai kauri. Gilashin tagar gida idan ya fashe wuƙaƙe ne.

Fenti a bi tsarin tsohon jirgin: sama ruwan madara don ya dawo da haske, daga taga zuwa ƙasa launi mai duhu. Fitilar LED mai ɗumin haske, lamba 2700 zuwa 3000, tana ba da kamannin tsohon ƙwai ba tare da zafinsa ba. Duba ko motar bolt 12 ce ko 24. Ƙwai shida masu wat 5 a bolt 12 suna jan amfiya 2 da rabi, don haka fiyus na 5 da waya mai kaurin 1.5. Duk inda waya ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba, kuma kada ta bi ta cikin soso. A saman tagogi a yi siririn firam na zura kwali, kamar inda jiragen ke sa taswirar hanya, a rubuta tashoshi a jere da boko da ajami. Tagogin sama masu kifawa ciki da tagar ƙofar ƙarshen taragu su ne iskar tsohon jirgi. A bas, kada majingina ta haura layin taga ta hana ta zamewa.

Kafin miƙa makulli, a ɗauki mutane a zaga a hanya mai gargada, wani yana zaune a baya yana sauraro. Ƙarar ƙarfe da katako, a sa guntun tiyub a tsakani. Bayan mako biyu a sake bin notuna duka da sifana. A ba mai mota mazauni uku da majingina biyu na ajiya daga yadin da aka yanka tare, a naɗe su cikin leda saboda asu, kuma duk wata uku a musanya kushin na bakin ƙofa da na can baya, domin na ƙofa ne ke fara lotsawa.